Igiyar cibiya ta naɗe wuyan ɗana, za ta shaƙe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Cikina wata takwas, kuma na fari ne. Na je hoton ciki, aka ce igiyar cibiya ta zagaye wuyan yaron sau ɗaya. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Wata ta ce wai yawan ɗaga hannu sama da nake yi ne ya jawo. Shin za ta shaƙe shi? Wai ma mene ne aikin igiyar nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya sauke ki lafiya. Kwantar da hankalinki, domin abin da kike hangowa, wato igiya ta matse maƙogwaro numfashi ya ɗauke, ba haka lamarin yake a cikin mahaifa ba. Ɗan da ke cikinki bai fara numfashi da hanci ko maƙogwaro ba tukuna. Yana kwance ne cikin ruwa, huhunsa ma cike yake da ruwa. Igiyar da kike tsoro, ta ita yake samun iska.

Ga yadda abin yake. Kai ɗaya na igiyar yana jikin cibiyar yaro, ɗayan kuma yana jikin mabiyiya, wadda ke manne da bangon mahaifarki. Tsawonta a ƙarshen ciki yakan kai santimita 50 zuwa 60, kaurinta kuwa kamar babban yatsa. A cikinta akwai jijiyoyin jini guda 3. Ɗaya babba, ita ce ke kawo wa yaro jini mai ɗauke da iskar oksijin da abinci. Biyu ƙanana kuma su ne ke mayar da jinin da aka gama amfani da shi zuwa mabiyiya, a sauke datti, jikinki ya fitar da shi ta huhu da ƙoda. Jininki da nasa ba sa gaurayewa. Sukan matso kusa da juna ne a mabiyiya, a yi musaya ta wani siririn shamaki. Zuciyar yaron ce ke tura jinin nan, ba taki ba.

Abin da ya fi burge ni a halittar igiyar nan shi ne kariyar da aka yi wa jijiyoyin. An lulluɓe su da wani abu mai yauƙi da taushi, wanda wani likitan Ingila, Thomas Wharton, ya bayyana a 1656, shi ya sa har yau ake kiransa da sunansa. Ga igiyar kuma a murɗe take. Saboda waɗannan biyun ne za ta lanƙwashe, ta naɗe, yaro ya kama ta da hannu ya ja, amma jini bai daina wucewa ba. Kusan ɗaya cikin kowace haihuwa huɗu, da igiya a wuya yaro ke fitowa, kuma mafi yawansu lafiya lau. Da kai ya fito, ungozoma za ta sa yatsa ta laluba, ta zare ta ta saman kai, shi ke nan. Wani lokaci ma kafin ranar haihuwa yaron ya juya ta warware da kanta.

Maganar ɗaga hannu kuwa, ki watsar da ita. Babu abin da ya haɗa hannunki da igiyar. Yaro mai yawan wutsil-wutsil da igiya mai tsawo, su ne suka fi kawo naɗewa. Ba laifinki ba ne.

Ba na ce igiya ba ta kawo matsala ba. Takan matse a lokacin naƙuda idan ta yi zagaye da yawa, ko ta ƙulle kanta, ƙullin da ake samu a kusan ɗaya cikin haihuwa 100. Shi ya sa ake sauraren bugun zuciyar yaro akai-akai yayin naƙuda, kuma shi ya sa nake so ki haihu a hannun ƙwararru. Wadda ta fi tayar mana da hankali ita ce igiyar da ta riga yaro fitowa bayan faya ta fashe, domin kansa zai danne ta. Ba kasafai ake samun haka ba, amma idan kin ji ko kin ga wani abu kamar igiya ya leƙo, ki durƙusa, ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, a garzaya da ke asibiti, kada a tura ta ciki. Haka nan idan motsin yaro ya ragu ba kamar yadda kika saba ba, kada ki jira gari ya waye.

Bayan haihuwa ba a gaggawar yanke ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jira minti 1 zuwa 3, idan yaro ba ya buƙatar taimakon gaggawa, domin jinin da ya rage a mabiyiya ya ƙarasa shiga jikinsa, ya ƙara masa sinadarin ƙarfe na watannin farko. Yankan ba ya yi muku zafi, daga ke har shi, saboda igiyar ba ta da jijiyar jin ciwo. Dabbobi masu shayarwa ma haka suke rabuwa da ita ba tare da wahala ba: kyanwa da karya da haƙori suke datse ta, ta saniya takan tsinke da kanta lokacin da ɗan maraƙi ke fitowa, ta goɗiya kuwa sai uwar ta miƙe ko ɗan ya yunƙura.

Guntun da ya rage a cibiya yakan bushe ya faɗi cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani har uku. Ki bar shi a bushe da tsabta, kada ki ja shi, kada ki shafa masa komai sai abin da ma'aikacin lafiya ya ba ki. Idan kewayen ya yi ja, ko yana wari, ko yana fitar da mugunya, ko yaron ya ƙi kama nono, ki kai shi asibiti a ranar.