Jaririn ƙanwata bakwaini ne, yana ta nishi, wai huhunsa bai ƙosa ba

Tambaya: Salam likita. Ƙanwata ta haihu a wata bakwai, tun daren jiya jaririn ke wani irin nishi, in ya ja numfashi sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa. Nas ta ce huhunsa bai ƙosa ba a kai shi babban asibiti, amma kakarsa ta ce majina ce kawai, a tsotse hancin a yi masa hayaƙi. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Ku kama hanyar asibitin yanzu, uwar ta manna shi a ƙirjinta fata da fata a lulluɓe su, sauran bayanin ki karanta a mota.

'Yan buhunan iskar da ke cikin huhu a jiƙe suke, shi kuwa ruwa jan bango yake ya manne da bango, kamar ledar fiya wata da aka shanye. Abin da ke hana su mannewa wani maiƙo ne da huhun ke yi da kansa, safaktan muke ce masa. Yakan fara samuwa wajen sati 24 na ciki amma ba ya wadata sai wajen sati 34 zuwa 35, to kin ga bakwaini da aka haifa kafin lokacin nan duk numfashi ɗaya sai ya sake buɗe buhunan daga farko, har ƙarfinsa ya ƙare.

Maganar majina kuwa, kullum sai na ji ta kuma tana ƙona min rai. Nishin nan ba toshewar hanci ba ce, yaron ne ke matse maƙogwaronsa don ya riƙe 'yar iska a ciki kar buhunan su rufe gaba ɗaya, wato da kansa yake ƙoƙarin yin abin da injin CPAP, mai tura wa jariri iska ta hanci don buhunan su zauna a buɗe, ke yi a asibiti. Sai a zo a turnuƙe shi da hayaƙin garwashi da turare, wata ta tsotsi hanci, wani mai kemis ya ba da sirof ɗin tari, a yi masa ɗure ya shaƙe. Sai leɓe ya yi shuɗi sannan a kawo mana shi da tsakar dare ana cewa ai ya yi shiru ya samu sauƙi, alhali gajiya ce ta sa ya daina nishin. Ku yi wa kaka magana cikin ladabi, son jikanta ne ya sa, amma hayaƙi ba ya zuba maiƙo a huhu.

In Allah ya kawo wani cikin kuma naƙuda ta taso kafin sati 34, a garzaya da ƙanwar taki asibiti, akwai allurar dezametason da ake yi wa uwa don huhun ɗan ya yi saurin ƙosawa. Allah ya raya mana shi.