An ga jini a ƙwaƙwalwar jaririna bakwaini: zai yi tafiya kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na haihu cikina yana mako 30, yaron ya zo da nauyin kilo 1.3. Yana kwalba aka ɗora masa na'urar hoto a maɗiga, aka ce an ga jini a ƙwaƙwalwarsa, mataki na biyu. Yanzu makonsa biyar, yana shan nonon da nake tatsa, har ana maganar sallama. Surukata ta ce bakwaini ba a yi masa fargaba, wata mata a ɗakinmu kuma ta ce yaron da jini ya taɓa ƙwaƙwalwarsa ba ya tafiya. Don Allah a gaya mini gaskiya. Daga wata mai jego.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah ya raya mana. Mafi yawan yaran da aka ga jini mataki na ɗaya ko na biyu a kansu suna zama, suna tafiya, suna shiga makaranta. Haɗarin samun matsala ya ɗan fi na wanda ba a ga komai ba, shi ya sa za a riƙa bibiyarsa, amma maganar matar nan ta ɗakinku ba haka take ba.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ramuka masu ɗauke da ruwa. A gefensu, lokacin da jariri yake ciki, akwai wani wuri da ake ƙera sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, cike da jijiyoyin jini sirara marasa ƙwari. Wurin yana ɓacewa da kansa wajen mako 34. Wanda ya fito kafin nan, da zarar numfashi ya yi masa wuya ko bugun jini ya hau ya sauka, sai jijiyoyin su tsage, galibi a kwana ukun farko. Tun 1978 wata likita a Amurka, Lu-Ann Papile, ta kasa abin mataki huɗu. Na ɗaya, jinin yana nan inda ya fito. Na biyu, ya shiga ramin amma bai kumbura shi ba, wato irin na ɗanki. Na uku ya cika ramin har ya buɗa shi, na huɗu kuwa naman ƙwaƙwalwar da ke kewaye ya taɓu. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne masu tayar mana da hankali. Ƙaramin jini jiki ne ke shanye shi cikin makonni, ba a yi masa tiyata.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, abin da ya fi damun masu binciken bakwaini a yau ya wuce jinin. A nan nake so ki san aikin Farfesa Terrie Inder, likitar jarirai 'yar ƙasar Niyu Zilan, wadda ta yi aiki a Bostan tare da Joseph Volpe, mutumin da ake ɗauka uban fannin ƙwaƙwalwar jarirai. Ita ce ta dage wajen sa bakwaini a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira MRI, wadda ke nuna abin da hoton maɗiga ba ya iya gani.

Ƙwaƙwalwa tana da sashen da ake kira farin nama, wato zaruruwan da ke kai saƙo daga wannan yanki zuwa wancan, da kuma zuwa hannu da ƙafa. Kowane zare yana bukatar rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Ƙwayoyin da za su yi wannan rufin ba su gama nuna ba tsakanin mako 23 zuwa 32, kuma a lokacin ne ƙarancin iska ko ƙwayar cuta a jini ke saurin lahanta su. A 1999 Inder da abokan aikinta suka nuna cewa jaririn da farin namansa ya taɓu, idan ya kai lokacin da ya kamata a haife shi, ɓawon ƙwaƙwalwarsa, wato shimfiɗar da ta lulluɓe farin naman ta waje, shi ma bai kai girman na sauran ba. Ashe rauni a wuri ɗaya yana rage girman wani wurin daban. Ki haɗa wannan da cewa ko a mako 34 nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 65 cikin ɗari na wanda ya cika wata tara ba. Ginin da ya kamata a yi a cikinki, yanzu a waje ake yin sa.

A 2006 Inder da abokan aikinta suka fitar da binciken da ya fi shahara. Sun bi jarirai 167 da aka haifa a mako 30 ko ƙasa da haka a Niyu Zilan da Ostireliya, aka yi musu MRI, aka sake auna su suna shekara biyu. Kashi 21 cikin ɗari suna da matsakaici ko babban rauni a farin nama, kuma su ne suka fi shiga haɗarin sanƙarewar gaɓoɓi da jinkirin fahimta. A duk yaran, kashi 10 cikin ɗari ne suka samu sanƙarewar gaɓoɓin. Abin da nake yawan nanata wa iyaye shi ne ɗaya ɓangaren sakamakon: da dama daga cikin waɗanda hotonsu ya nuna rauni sosai sun kai shekara biyu ba tare da babbar naƙasa ba. Hoto mai kyau yana kwantar da hankali ƙwarai, hoto mara kyau kuwa bai isa a yanke wa yaro hukunci da shi ba. Don haka kada ki tayar da hankalinki ko ki ci bashi don neman MRI, sai in likitan da ke ganinsa ya ga dalili.

Da Inder ta koma birnin St. Louis a Amurka, sai ta juya ga abin da ke faruwa da jariri a ɗakin jinya. A 2011 ƙungiyarta ta ƙirga abubuwan wahala da ake yi wa bakwaini, irin su huda dunduniya, zuƙe majina da sa robar numfashi, suka ga waɗanda suka fi shan su wasu sassan ƙwaƙwalwarsu sun fi ƙanƙanta. Sai kuma wani sakamako a 2014 wanda su kansu bai zo musu yadda suka zata ba. Asibitin ya gina wa jarirai ɗakuna na mutum ɗaya, shiru, babu hayaniya. Inder da abokiyar bincikenta Bobbi Pineda suka kwatanta jarirai 136, sai ga shi waɗanda aka keɓe sun fi na babban ɗaki rauni a harshe da suka kai shekara biyu. A wannan asibitin iyaye da yawa ba sa samun zuwa a kai a kai, jariri sai ya wuni ba ya jin muryar kowa. Ni wannan binciken ya fi kowanne taɓa ni, domin ya nuna zaman uwa kusa da ɗanta yana cikin maganin.

Kuma an gwada wannan a ƙasarmu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon gwaji a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, inda aka yi shi a Ile-Ife. Jarirai 3,211 ne masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka ɗora a ƙirjin uwa fata da fata tun daga haihuwa, mutuwarsu a kwana 28 ta tsaya a kashi 12 cikin ɗari, sauran kuwa 15.7. Ki cire masa riga, ki bar masa hula da kunzugu, ki kwantar da shi tsakanin nonuwanki kansa a juye gefe, ki ɗaure da zani. Gwargwadon yawan awannin, gwargwadon amfanin, kuma babansa ko kakarsa za su iya karɓarki. Yana nan a ƙirji ki riƙa yi masa magana, ki yi karatunki da waƙarki a hankali. Nononki kaɗai za a ba shi, kada a ba shi ruwa, zuma, ko jiƙo. A rage masu ɗaukarsa, kowa ya wanke hannu, mai mura ya yi barka daga bakin ƙofa. A ɗaga wankan da ake yi wa jarirai safe da yamma, goge jiki ya isa, saboda sanyi yana cinye ƙarfin da zai yi girma da shi. Kafur kuma a raba shi da kayansa, yana fasa jinin wasu yaran ya jawo shawara, shawara mai tsanani kuwa ita ma tana lahanta ƙwaƙwalwa.

Kafin sallama ki roƙi a maimaita hoton maɗigar, sannan a sake wani idan ya kai lokacin da aka sa miki na haihuwa, domin raunin farin nama kan ɗauki makonni kafin ya bayyana. A auna kewayen kansa duk mako. Ƙarin kusan santimita ɗaya a mako daidai ne; in ya zarce haka sosai, ko maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ko yana amai, ko idanunsa suna kallon ƙasa, ruwa ne ke iya taruwa, ki koma asibiti a ranar. Haka in ya ƙi shan nono, jikinsa ya yi sanyi, ya ɗauke numfashi, ko ya yi jijjiga. Ki tambaya a duba idonsa da jinsa tun yanzu, musamman in ya sha iskar oksijin, don ciwon idon bakwaini yana da magani in an kama shi da wuri.

Wajen lissafin girma, ki riƙa cire mako goman da ya rage masa har ya kai shekara biyu. In ya yi wata shida da haihuwa, ɗan wata uku da rabi ne, kada a gwada shi da ɗan maƙwabta. Da wannan lissafin, in ya kai wata huɗu wuyansa bai tsaya ba, ko wata tara bai zauna ba, ko ƙafafunsa suna sanƙarewa suna harɗewa in an ɗaga shi, ko ya fifita hannu ɗaya kafin shekara, a kai shi wurin masu gashi na asibiti, wato masu motsa gaɓoɓi, ba tare da jira ba, domin a shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo. Wasu bakwainin kuma tafiyarsu lafiya lau, sai a aji ake ganin wahalar lissafi ko ta natsuwa, don haka ki sanar da malaminsa tarihin haihuwarsa idan ya shiga makaranta.