Amsar Kawu Kan Rigimar Harin Shammata

Auta, saƙonka ya iso, na kuma karanta shi har ƙarshe duk da tsawonsa. Ina fata kana lafiya, ya karatu, ya su Hajiya?

Ka ce a wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke riƙe da jaruminsa ana jefa dayis, da kuke yi ranar Asabar a Yaba, ɗan saɗaɗanka, wato jaruminka mai lallaɓawa, ya soki dodo da wuƙa alhali mayaƙin abokinka na tsaye gab da dodon, sai jagoran wasa, mai tafiyar da labarin da yanke hukunci, ya hana ka ƙarin dayis na harin shammata, wai ai dodon yana kallonka. Ka zaro waya ka karanta masa doka a gaban jama'a, wasa ya tsaya cak, aka watse rai a ɓace. Yanzu kana tambayata ko al'adar wasan ce a yi wa jagora shiru ko da ya kauce, balle ga shi ya girme ka.

A doka dai kai ke da gaskiya. Tun lokacin kullen korona na 2020, da yaran gidan nan suka ja ni cikin wasan har na zama ni ke jagorantarsu a nan Agege, babu dokar da na ga tana haddasa musu kamar wannan. Littafin 'yan wasa na bugu na biyar, wanda Wizards of the Coast suka fitar a 2014, ƙofa biyu ya buɗe wa ɗan saɗaɗa. Ta farko, ya kasance yana da fifiko a harin. Ta biyu, wadda jagoranku ya tsallake, ita ce a samu wani abokin gaban dodon cikin tazarar ƙafa 5 daga gare shi, wanda yake cikin hayyacinsa, kai kuma babu naƙasu a kanka. Da zarar ɗaya ta samu, kuma makaminka na nesa ne kamar baka, ko irin marasa nauyin nan da ake sarrafawa da zafin nama kamar wuƙa da siririn takobi, to ƙarin naka ne. Ba a ce sai ka ɓuya ba, ba a ce sai ta baya ba. Ka dubi ɗan sane a tashar danfo: a gabanka yake tsaye, kana ganinsa sarai, amma hankalinka na wajen kwandasta kuna rigimar canji. Mayaƙin abokinka shi ne kwandastan.

Shi fifiko kuwa abu ne mai sauƙi da mutane ke wahalar da kansu a kai. Maimakon ka jefa dayis mai fuska 20 guda ɗaya, biyu za ka jefa ka ɗauki mafi girma. Naƙasu kishiyarsa ne, ka jefa biyu ka ɗauki ƙarami. In lambar da kake nema 11 ce zuwa sama, da dayis ɗaya rabi da rabi ne, da fifiko kuwa damarka ta koma 75 cikin ɗari. Damar faɗowar 20, wadda ke ninka dayis ɗin rauni har da na shammata, tana tashi daga 5 cikin ɗari zuwa 9.75. Ana samun fifiko in dodo bai gan ka ba, ko ya faɗi ƙasa kana kusa da shi, ko an ɗaure shi, ko ya makance, ko wani ya sadaukar da zagayensa don ya taimaka maka. Amma ba a tara shi kamar kuɗin adashi. Dalili uku na fifiko, dayis biyun nan ne dai. In kuma naƙasu ɗaya tak ya shigo, ya share su duka, ka koma jefa ɗaya kamar kowa.

A nan akwai wani lungu da nake so ka riƙe, don zai yi maka rana. In fifiko da naƙasu suka share juna, doka ta ɗauke ka a matsayin wanda ba shi da ko ɗaya. Ke nan ƙofar farko ta rufe, amma ta biyu tana nan a buɗe muddin abokinka na gefen dodon. A gidan nan an taɓa yin haka: 'yar saɗaɗar ƙanwarka ta sha guba, wato naƙasu, amma tana ɓoye bayan ganga, wato fifiko. Dayis ɗaya ta jefa, ta samu, kuma da yake yayanta na tsaye kan dodon da gatari, ta kwashi ƙarinta cif. Yayan nata ya yi ta ƙorafi har aka ɗauke wuta.

Jagoranku ba daga sama ya ɗauko nasa ba. Wasan ya fito a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, ɓarawo kuma, kakan ɗan saɗaɗan yau, ya shigo a 1975. A wancan zamani dole sai ka lallaɓo ta baya ba a ankara ba kafin sararka ta ninku. A bugu na uku na shekarar 2000 aka sassauta, ya zama in kun sa dodo a tsakiya ya wadatar, amma kuma gawarwaki masu tafiya da mutum-mutumi ba sa jin shammata sam. Duk wanda ya koyi wasan daga tsofaffin hannu, ko daga wasannin kwamfuta da aka gina kan tsofaffin dokoki, da wannan fahimtar zai zauna. Wani jagoran kuma tsoro ne ke kama shi in ya ga tulin dayis a hannun mutum ɗaya. Ƙarin yana farawa da dayis ɗaya mai fuska 6 a mataki na 1 na ƙarfin jarumi, yana ƙaruwa da ɗaya duk bayan mataki biyu, har ya kai 10 a mataki na 19. Abin a ido kamar zalunci. Amma yi lissafi da naka. A mataki na 3 kana da biyu, matsakaicinsu 7. Siririn takobi da ƙarin zafin nama 3 yana ba ka 7 da rabi a matsakaici. In an hana ka shammata an yanke maka kusan rabin ƙarfinka ke nan. Mayaƙi yana samun sara biyu a zagaye tun mataki na 5, ɗan saɗaɗa kuwa ba ya samun wannan har ƙarshen wasa. Da niyya aka yi shi ya riƙa samun ƙarin nan kusan kowane zagaye, sau ɗaya dai, ba kowace sara ba.

Sai batun al'ada, wanda shi ya fi damuna a saƙonka. Littattafan wasan da kansu sun ce maganar jagora ce ta ƙarshe a tebur. Ba wai don ya fi kowa sani ba ne, don kada mutum biyar su zauna suna kallon biyu na musu. Abin da aka saba a teburin da ya san kansa shi ne ka faɗi naka sau ɗaya, a taƙaice, cikin ladabi: Yaya, a sanina in abokina na gefensa ina da ƙarin. In ya karɓa, madalla. In ya ce a'a, ka jefa abin da ya ce, a ci gaba, magana ta jira bayan tashi. Ka tuna akwai wanda ya taso daga Idi-Araba, wani daga Mile 12, sun sha cunkoson hanya don awa ukun nan, kai kuma ka cinye musu rabin awa kan dayis biyu. Shi kuma mutumin kwana ya yi yana zana taswira da shirya dodanni, ba a biya shi ko sisi ba. Karanta masa doka daga waya a gaban ƙannensa, ko a gidanmu ba a yi wa babba haka. Gaskiyarka ba ta wanke ka daga wannan ba.

Ban ce kuma ka haɗiye ba. Girma ba ya canza abin da ke rubuce, kuma jagoran da ke son sauya doka a teburinsa yana da iko, da sharaɗin ya sanar tun kafin mutane su zaɓi jarumansu. In da ya ce tun farko a nan sai an ɓuya, da watakila ba ɗan saɗaɗa ka ɗauka ba. Wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi, ta fi shafin da ka karanta.

Saboda haka ka kira shi kafin Asabar, kira ba rubutu ba. Ka fara da ba shi haƙuri kan yadda ka yi magana, ka tsaya nan tukuna ka ji abin da zai ce. Sannan ka kawo masa lissafin nan na 7 da rabi, ka tambaye shi yadda yake so teburinsa ya tafi. In ya dawo kan littafi, shi ke nan. In ya tsaya kan nasa, ka nemi ɗaya cikin biyu: ko ya bar ka ka canza jarumi, ko ya sauƙaƙa maka ɓuya, tunda daga mataki na 2 kana iya ɓuya da ƙaramin aikinka, wanda ba ya hana ka kai hari, a kowane zagaye. Akwai kuma dokar saita hannu da ta zo a littafin ƙari na 2020, aka kuma shigar da ita cikin sabon bugun 2024: daga mataki na 3, in ka yarda ba za ka motsa ba a zagayen, ka ba kanka fifiko. Jagoran da ya ƙi ƙofa ta biyu sau da yawa yakan yarda da wannan, don yana ganin ka biya wani abu.

In za ka zo hutu ka taho da takardar jaruminka in duba, ina zargin ba ka amfani da harin da ake kai wa dodo in ya juya zai gudu. Wannan a zagayen dodon yake faɗowa, ba naka ba, don haka shammata na iya sake hawa kansa. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata saƙonta na kilishi ya iso.

Kawunka.