Hassana ta fi Hassan tsayi

Tambaya: 'Yan biyuna shekararsu 13. Hassana ta zarce Hassan tsayi, ana tsokanarsa, har ya daina fita. In saya masa maganin girma? Wata uwa, Nima, Accra.

Amsa: Maman 'yan biyu, kada ki saya. Mata kan fara balaga tsakanin shekara 8 da 13, maza 9 da 14, saurin ƙaruwar tsayin namiji kan zo kusan shekara 2 bayan na mace. Ki kuma guji ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone, suna kumbura fuska, su tsayar da tsayi. Ki auna shi a jikin bango duk wata 3, ba takalmi, ke da shi kaɗai. A daina gwada tsayinsa da na Hassana a gida. Idan ya kai 14 babu alamar balaga, ki kai shi wurin likitan yara.