Hoto ɗaya ya ishe ka fara wasa

Yarona, ka ce wayarka ta cika da zane-zane da ka ɗebo daga intanet amma da ka zauna shirya labarin da za ka ja 'yan wasa a kai sai kanka ya ɗaure, har kana tambaya ko hotunan ne ba su yi ba. Hotunan lafiyarsu ƙalau. Tarawa kake yi ba ka tsayawa ka kalla, toh a irin wasan nan da ake zama a tebur kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labari, mai jan wasa, wato mai ba da labarin, aikinsa ya zauna da hoto guda ya yi ta masa tambayoyi har sai ya ba da labari.

Bari in baka misali da zanen Pieter Bruegel na wajen 1562, wanda yake gidan tarihi na Prado a Madrid, inda rundunar ƙwarangwal ta mamaye duniya tana kashe kowa. Yaro sabon shiga in ya gani cewa zai yi shikenan, zan sa 'yan wasa su yaƙi ƙwarangwal dubu, kuma wallahi wannan shi ne mafi raunin abin da za a ciro daga zanen. Kai ka gangara da idonka kusurwar ƙasa ta dama, akwai saurayi da budurwa suna zaune suna kiɗa da waƙa kamar ba abin da ke faruwa, ga wani ƙwarangwal a bayansu shi ma yana taya su kiɗan. Su wane ne? Me ya hana su gudu, ba su gani ba ne ko kuwa an yi musu alkawarin ba za a taɓa su ba, in kuma alkawari ne wa ya yi shi, me suka bayar? A ɗaya kusurwar ga sarki a kwance ana nuna masa agogon yashi, ga gangunan kuɗinsa ana ɗiba. Kaga ka samu mutum uku da sirri ɗaya da bashi, wannan kaɗai zai riƙe tebur wata da watanni.

Tambayoyin da nake yi wa kowane hoto ba su da yawa: me ya faru dab da wannan lokacin, me ke wajen firam ɗin da mai zanen bai nuna ba, sannan wane ne a ciki yake son wani abu da ba zai iya samu shi kaɗai ba. Ta ƙarshen nan ita ce ƙofar da 'yan wasanka za su shigo, in babu mai buƙata a hoton toh ado ne kawai, ka wuce shi.

Kar kuma ka ɗauka dabarar nan ta ragwaye ce, tun asali haka sana'ar ta taso. Dungeons & Dragons, wasan tebur irin wannan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, wasu dodanninsa daga 'yan ƙananan kayan wasan yara na roba da aka ƙera a Hong Kong Gygax ya samo su, har da wanda in ya taɓa ƙarfe sai ƙarfen ya koma tsatsa. Wasan Tales from the Loop kuwa na 2017 gaba ɗayansa a kan zanen Simon Stålenhag aka gina shi, yara a karkarar Suwidin na shekarun 1980 suna yawo ga manyan injina da mutum-mutumi sun zama abin yau da kullum, zane ne ya riga dokokin wasa zuwa. In gidan kurkuku ko kogo kake nema ka duba zanen kurkukun Piranesi na wajen 1750, matakala da gadoji da ba ka san inda suka nufa ba.

Sai maganar nuna hoton a tebur, nan ne yawancinku kuke kwafsawa. Kar ka ɗaga waya ka ce ga abin da kuka gani tun ba ka buɗe baki ba, da zarar sun gani sun daina ƙirƙira a ransu, dodon ya zama girman sikirin kawai. Ka fara da baki, ka faɗi wari da ƙara da sanyi, abubuwan da hoto ba ya iya kawowa, ka bari su tambaya, sannan in ya kama ka nuna. Fuskar mutum da taswira su kam a nuna da wuri yana taimaka wa 'yan wasa su riƙe sunaye. Dodo ni na fi so a ɓoye shi.

Kuma ka girmama masu zanen don Allah, ka riƙe sunansu, in 'yan wasa sun tambaya ka faɗa. Amfani a teburinka daban, amma ranar da za ka buga abinka ka sayar sai da izini ko ka biya. Tsofaffin zane da yawa kyauta ne, gidan tarihi na Metropolitan a New York ya saki hotuna wajen 375,000 a 2017 kowa ya yi amfani da su.

Kafin zama na gaba ka zaɓi hoto ɗaya tak a cikin na wayar taka, ka rubuta amsar tambayoyin ukun nan, ka kawo min mu duba tare.