Tambarin da ake bugawa a cinyar saniya, meye amfaninsa?

Tambaya: Malam, kakana a nan Katsina yana yawan cewa a zamaninsu ba a kai nama kasuwa sai an buga masa tambari mai shuɗin tawada. Da gaske ne? Kuma me ake dubawa?

Amsa: Gaskiya Baba ya faɗa maka, ɗana. Zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, duba-gari ne ke wannan aiki, daga baya ya koma hannun malaman dabbobi, kuma Sarkin Pawa na tsaye a bayansu, mahaucin da ya yi gardama da shi zai haɗu.

Dubawar tun dabba na tsaye ake farawa, da asuba a kwata. Sa ko daga kasuwar Mai'adua aka koro shi ko Charanchi, sai an ga tafiyarsa, numfashi, dalalar miyau. Wanda aka kawo a kwance tuni an sa masa ido.

Bayan yanka da fiɗa nan ne aikin yake. Kai da kayan ciki a ajiye gefen gangar jikin, kar a cakuɗa da na wani. Sai malami ya sa wuƙa ya tsaga naman kumatu, harshe da zuciya, yana neman wasu fararen ƙwayoyi kamar ƙwayar shinkafa, su ne in mutum ya ci naman bai dahu ba suke zama doguwar tsutsar ciki. Huhu kuma a matsa shi da hannu a yanka kaluluwar jikinsa, in an ga ƙulli mai rawaya-rawaya wuƙa na ƙaras-ƙaras a ciki to tarin fuka ne, kuma yana kama mutum. Hanta a bi jijiyoyinta, tsutsa mai faɗi kamar ganye takan fito, wannan hantar kawai ake yarwa sauran naman lafiya lau.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne ciwon saifa. Dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci baya daskarewa, ba a ma feɗe ta, ƙonewa ake ko a binne da zurfi.

Naman da aka soke a kwara masa kananzir, don wallahi in ba haka ba da yamma za ka gan shi a tukubar wani. Wanda ya tsallake shi ake buga wa tambarin, a cinya da kafaɗa, yadda mai saye zai gani tun kafin a yanka masa.