Zan iya cire gejin tsohuwar a-kori-kurata in sa allon dijital?

Tambaya: Malam, ina da a-kori-kura ƙirar 1989, mai kafireto, silinda huɗu. Allurar gejin mai ta daɗe da mutuwa, ta zafin inji kuma sai ta ga dama take motsi, wayar sifidomita ta tsinke sau biyu. Ina so in cire gejin gaba ɗaya in haɗa nawa, allo ɗaya mai nuna komai. Na ɗan iya Arduino, ƙaramar kwamfutar nan da ake haɗa wa wayoyi a rubuta mata manhaja. Ta ina zan fara, kuma ko Raspberry Pi, shi ma ƙaramar kwamfuta, ya fi dacewa?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, amma allon da ya fi jan hankalinka shi ne mafi sauƙin aikin. Ba a nan gizo yake saƙar ba. Wahalar tana wajen samo saƙo mai tsafta daga inji, da ba kwamfutarka wutar da ba za ta ƙona ta ba.

Da motarka ta baya-bayan nan ce, da sai in ce ka sayi ɗan abin nan ELM327 ka soka a kafar OBD-II, ka karanto gudu da juyin inji da zafin ruwa daga biren-bos, wato kwamfutar motar. A Amurka tun ƙirar 1996 aka tilasta wa ƙananan motoci wannan kafa. Taka ta riga wannan zamani, don haka kowace lamba da kake son gani sai ka bi ta da waya har inda take fitowa.

Kafin ka kwance ko da noti ɗaya, kula da jar fitilar batir ɗin nan da ke kamawa in ka murɗa makulli. Mutane na ɗaukarta alama ce kawai. A tsofaffin altaneta da yawa, ta cikin ƙwan nan ƙaramar wuta take bi ta tada maganaɗisun altaneta kafin ta fara caji. In ka cire gejin da ƙwan a ciki, mota za ta tashi lafiya lau, batir kuwa yana ta zubewa, ko caji ya ƙi kamawa sai an taka totur da ƙarfi. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan. Ka bar ƙwan a kan layinsa, ko ka sa rasista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, a madadinsa. Ni barin ƙwan na fi so. Haka fitilar baƙin mai: ka bar ta da wayarta, kada ta bi ta cikin kwamfuta. Ranar da manhajarka ta sandare, ƙwan da makunninsa ba su san an yi ba. Inji kuwa in matsin baƙin mai ya ɗauke ba ya jiran kowa.

Batun Raspberry Pi, ban ba ka shawararsa a matsayin zuciyar aikin ba. Yana zana allo mai kyau, gaskiya ne, sai dai in ba a rage masa kaya ba yakan ɗauki daƙiƙoƙi masu yawa kafin ya farka, ba shi da kafar karanta wutar sansa, wato na'urar da ke auno zafi ko mai, kai tsaye, kuma yanke masa wuta farat ɗaya, abin da makullin mota ke yi kullum, yana iya lalata katinsa. Arduino ko takwaransa ESP32 suna tashi nan take. ESP32 ya fi ƙarfi, amma bolt 3.3 yake ɗauka, kuma awonsa yana ɗan karkata a farko da ƙarshen zango. Arduino Uno yana raba bolt 5 zuwa mataki 1,024, wanda ya ishi gejin mai da na zafi har da ragi. Fara da wanda hannunka ya saba da shi.

Wutar mota sunanta kawai bolt 12. In inji na aiki tana kai 14 da ɗoriya, in kana kik tana iya faɗowa ƙasa da 10, in kuma kan batir ya kwance altaneta na caji, tana iya tsalle ta wuce 80 na ƙiftawar ido. Saboda haka layin da zai ciyar da allonka yana bukatar fis, da diyod mai hana wuta juyawa, da diyod irin TVS mai shanye tsallen, sannan na'urar da za ta sauko da ita zuwa bolt 5. Wayoyin at na sansoshi, wato na ɓangaren ragi, ka haɗe su wuri ɗaya a jikin inji. In ka ga lambar zafi tana tsalle duk lokacin da ka kunna fitilar gaba, kada ka zargi manhaja, at ɗinka ne.

Gejin mai fulot ne a cikin tanki yana goga rasista, kuma kowane kamfani da zangonsa. Tsofaffin GM da yawa daga om 0 (om shi ne ma'aunin tsayayyar rasista) in tanki wayam zuwa 90 in ya cika, tsofaffin Ford kuma akasin haka, wajen 73 zuwa 10, sannan akwai na kasuwa mai 240 zuwa 33. Kada ka yi cinta. Cire kan batir, fito da fulot ɗin a wuri mai iska nesa da tartsatsi, ka auna da mita yana sama, yana ƙasa. Wataƙila ma a nan za ka gano abin da ya kashe tsohuwar allurarka. Tunda tanki ba murabba'i ba ne, rabin om ba rabin mai ba ne. Ka zazzage shi, ka riƙa zuba lita biyar-biyar kana rubuta abin da mita ta ce. Sannan ka sa manhaja ta riƙa ɗaukar matsakaicin awon daƙiƙa 20 ko 30, in ba haka ba kowace kwana da kowane rami sai lamba ta yi rawa. Abu ɗaya kuma: kada tsohon geji da Arduino su yi tarayya a sansa guda, don gejin yana tura tasa wutar a layin, zai ɓata maka awo, yana ma iya ƙona kafar Arduino ɗin.

Sansar zafi, tsayayyarta raguwa take yi in ruwa na zafi, kuma ba a miƙe take raguwa ba. Tsoma ta a ruwan ƙanƙara, sannan a tafasasshe, da matakai biyu ko uku a tsakani tare da ma'aunin zafi, ka samu teburinka. Na matsin baƙin mai sai ka sayi sabuwa mai fitar da bolt 0.5 zuwa 4.5, ka ɗaura ta kusa da tsohon makunnin fitilar baƙin mai.

Juyin inji daga ƙafar kwayil mai alamar ragi ake ɗauko shi, kuma a nan ake yawan asarar Arduino, don duk tartsatsin fulogi yana mayar da ɗaruruwan bolt a wannan ƙafa. Sa oftokofla a tsakani, wato ɗan abin da ke miƙa saƙo da haske ba tare da wayoyin sun haɗu ba. Lissafin ba wuya: silinda huɗu bugu biyu ne a kowane juyi, shida uku, takwas huɗu. Injinka a juyi 3,000 a minti yana ba da bugu 100 a daƙiƙa. Masu dizal, tunda ba su da kwayil, sukan ɗauka daga ƙafar W ta altaneta.

Wayar sifidomita kuwa ka huta da ita. Akwai sansa da ake ɗaurawa a mazauninta a jikin giyabos, tana ba da bugu yayin da taya ke juyawa. Yi tafiyar kilomita ɗaya da ka tabbatar da tsawonta, ka ƙirga bugun, in ka canja girman taya ka sake. GPS ya fi sauƙin haɗawa, amma yana jinkiri, yana kuma ɗaukewa a hanyar ƙarƙashin ƙasa.

Adadin kilomitar da mota ta ci ka ɗora daga inda tsohon geji ya tsaya, ka ɗauki hotonsa ka ajiye, don rage shi laifi ne a dokar ƙasashe da yawa. Wajen adana shi ka yi hattara: ma'ajiyar EEPROM ta Uno an yi ta ne ta jure rubutu kusan 100,000 a gurbi guda. In kana rubutawa duk daƙiƙa, ka cinye wannan cikin awa 28. Rubuta duk kilomita ɗaya, ko ka sa FRAM, wata ma'ajiya da ta fi jure yawan rubutu.

Sai yanzu allo. Na gama-gari haskensa nit 250 zuwa 300 ne (nit ma'aunin hasken allo ne), da rana tsaka ba abin da za ka gani sai fuskarka. Nemi mai wajen 1,000, ka jawo layi daga fitilar gaba ta wani oftokofla don ya dusashe da dare. Lambobi manya, kala kaɗan, ja kuma ka keɓe shi ga matsala kawai. Sati biyu na farko ka ɗaura sabon allon a gefe, yana karanta juyin inji da wutar batir, tsohon gejin yana mazauninsa. In bai taɓa mutuwa lokacin kik ba, lambobinsa kuma ba sa rawa in ka danna ham, sai ka dawo da layin zafi da na mai kansa ɗaya bayan ɗaya.